Adali da Dabbarsa: Koyarwa a Kan Karɓar Riƙon Kare ko Kyanwa

Nassin karatu: Karin Magana 12:10, Maimaitawar Shari'a 22:1-4, Luka 14:28-30

Gabatarwa

A yawancin gidajen masu bi akwai wata dabba da take zaune tare da iyali. A ƙauye akwai karen da yake bin maigida zuwa gona, da kyanwar da take tsare rumbu daga ɓarnar ɓeraye. A birane irin su Legas, Ibadan, Abuja da Fatakwal kuwa, tsoron ɓarayi ya sa gidaje da yawa sun nemi kare domin gadi. Duk da haka, da wuya a ji an hau mumbari an yi wa'azi a kan yadda ya kamata Kirista ya riƙi dabbar gidansa. Sakamakon wannan shiru yana nan a fili a kan tituna da bakin bola: karnukan da ƙazwa ta cinye, 'yan kwikwiyon da aka zuba a kwali aka yar, da kyanwoyin da yara suke bi da jifa.

A wasu manyan biranen ƙasar nan likitocin dabbobi da masu aikin sa kai sun buɗe mafakar dabbobi. Sukan tsinto dabbar da aka yasar, su yi mata magani da allurar rigakafi, sa'an nan su nema mata gidan da zai riƙe ta. Tambayar da take gaban iyalin Kirista ke nan: ko ya dace a karɓi irin wannan dabba? In an karɓa kuma, wane nauyi ne Ubangiji yake ɗora wa gidan?

Dabba ta Allah ce, mutum wakili ne

Littafin Farawa ya nuna cewa a rana ta shida Allah ya yi dabbobin ƙasa, ya dube su, ya yaba da aikinsa tun kafin a yi mutum. Daga baya ya yi mutum cikin kamanninsa, ya ba shi mulki a kansu (Farawa 1:24-28). Mutane da yawa sun tsaya a kan kalmar mulki, sun manta da sura ta biyu, inda aka sa Adamu cikin gonar Adnin domin ya yi aikinta, ya kuma tsare ta. Mulkin da Allah ya bayar irin na wakili ne wanda zai ba da lissafi. Zabura 50:10-11 ta tabbatar da cewa Allah bai saki mallakar ko dabba ɗaya ba, ta jeji ko ta gida.

Bayan ruwan tsufana, alkawarin da Allah ya yi bai tsaya ga Nuhu da 'ya'yansa kaɗai ba. Farawa 9:8-17 ta maimaita sau da dama cewa alkawarin ya haɗa da kowane mai rai da ya fito daga jirgi. Ashe bakan gizon da ake gani da damina shaida ce ga mutum, shaida ce kuma ga dabba. Haka nan a ƙarshen littafin Yunusa, sa'ad da Ubangiji yake bayyana dalilin da ya sa ya ji tausayin Nineba, ya ambaci mutane fiye da 120,000, ya kuma ambaci dabbobi masu yawa da suke cikin birnin. Yesu Almasihu da bakinsa ya koyar cewa gwarar da ake sayarwa a kasuwa da kuɗi kaɗan ba ta ɓace wa Uba (Luka 12:6).

Wannan shi ne tushen Karin Magana 12:10, inda Sulemanu ya sa kula da ran dabba cikin alamun mutum adali, ya kuma nuna cewa mugu ko ya so yin tausayi, ƙeta ce take fitowa. Dabba ba ta iya kai ƙara wurin dattawan ikkilisiya. Ba ta iya ba da shaida a kotu. Saboda haka abin da mutum yake yi mata a bayan gida, inda ba idon kowa, yana tona ainihin abin da yake cikin zuciyarsa.

Shari'ar Musa ta tuna da dabbar da ta ɓace

Wanda ya karanta Attaura da lura zai yi mamakin yawan dokokin da suka shafi dabba. Hutun Asabar ya haɗa da sa da jaki (Fitowa 23:12). An hana ɗaure bakin takarkari sa'ad da yake sussuka (Maimaitawar Shari'a 25:4). An umarci Ba'isra'ile ya taimaki jakin maƙiyinsa in ya gan shi ya faɗi a ƙarƙashin kaya (Fitowa 23:5). Da Bal'amu ya bugi jakarsa sau uku, mala'ikan Ubangiji ya tuhume shi a kan dukan (Littafin Ƙidaya 22:32).

Amma nassin da ya fi kusa da wannan zance shi ne Maimaitawar Shari'a 22:1-4. A can an hana mutum ya ga dabbar ɗan'uwansa ta ɓace ya kau da kai. In mai ita yana nesa, ko kuwa ba a san shi ba, sai wanda ya tsince ta ya kai ta gidansa, ya riƙe ta har mai ita ya zo nema. Wato tun a zamanin Musa an mai da gidan kowane Ba'isra'ile mafaka ga dabbar da ta rasa mai ita. Ko da yake nassin yana magana ne a kan sa da tunkiya da jaki, ƙa'idar da take ƙarƙashinsa ba ta tsufa ba: mutumin Allah ba ya yin kamar bai gani ba.

Masu bi ne suka fara aikin

Wasu suna ɗauka cewa kula da dabbobin da aka yasar al'adar masu kuɗi ce marasa abin yi. Tarihi ya nuna akasin haka. A ranar 16 ga Yuni, 1824, wani limamin ikkilisiyar Anglika mai suna Arthur Broome ya tara mutane a birnin Landan, suka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi. Cikin waɗanda suka halarta akwai William Wilberforce, Kiristan nan da ya yi shekaru yana fama a majalisar Ingila har aka haramta cinikin bayi a 1807. Akwai kuma Richard Martin, wanda ya sa majalisar ta yi dokar hana zaluntar shanu da dawakai a 1822. Broome ya zuba dukiyarsa cikin aikin, har aka kulle shi a kurkuku a 1826 saboda bashin ƙungiyar. A 1840 Sarauniya Victoria ta ba ƙungiyar izinin ɗaukar sunan sarauta, ita ce ake kira RSPCA har yau.

A 1860 wata mace mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan karnukan da suka ɓace a arewacin Landan. Jaridu suka yi mata ba'a, suna cewa ta bar mutane cikin yunwa tana ciyar da karnuka. Gidan ya koma unguwar Battersea a 1871, ya fara karɓar kyanwoyi a 1883, yana kuma aiki har wa yau. A Amurka, Henry Bergh ya kafa irin wannan ƙungiya a birnin New York a 1866. A 1874 wata mai aikin bishara ta ikkilisiyar Methodist ta kai masa kukan wata yarinya da masu riƙonta suke azabtarwa. Bergh da lauyansa suka kai maganar kotu, aka ceci yarinyar, daga nan kuma aka kafa ƙungiyar kāre yara daga zalunci a birnin. Hannun da ya koyi tausayin dabba shi ne ya miƙa ya ɗauki yarinyar.

Tambayoyi uku da masu bi sukan yi

Ta fari: ashe Littafi Mai Tsarki bai ƙasƙantar da kare ba? Gaskiya ne cewa a wurare kamar Filibiyawa 3:2 da Wahayin Yahaya 22:15 an yi amfani da sunan kare domin kwatanta mugayen mutane. Karnukan titunan Isra'ila yawancinsu marasa gida ne masu cin mushe, shi ya sa sunansu ya zama zagi. Amma laifin da ake nunawa a waɗannan ayoyi na mutane ne. Ayuba 30:1 ya nuna akwai karnukan da suke tsaron garke. Fitowa 22:31 ta ware wa karnuka naman da bai halatta mutane su ci ba. Macen nan Bakan'aniya ta yi wa Yesu magana a kan karnukan da suke cin ɓarɓashi a ƙarƙashin teburin iyayengijinsu, Ubangiji kuwa ya yabi bangaskiyarta (Matiyu 15:21-28).

Ta biyu: ba a ce kyanwa tana da alaƙa da maita ba? Wannan camfi ya yaɗu a sassa da yawa na ƙasar nan, musamman a kan baƙar kyanwa da muzurun da yake kuka da dare. An kashe kyanwoyi da dama saboda shi, wani lokaci ma a ɗora wa wata tsohuwa laifi, a ce ita ce ta rikiɗa. A cikin littattafai 66 na Littafi Mai Tsarki ba inda aka koyar da haka. Kukan dare na kyanwa kukan barbara ne ko faɗan muzurai, ƙyallin idonta a duhu kuwa halitta ce da Allah ya yi mata domin farauta. Mai bin da ya san cewa Almasihu ya yi nasara a kan ikokin duhu (Kolosiyawa 2:15) ba ya rawar jiki domin kyanwa ta hau katangarsa.

Ta uku ita ce mafi nauyi: daidai ne a ciyar da kare alhali akwai marayu da gwauraye da 'yan gudun hijira? Yesu ya faɗa a sarari cewa mutum ya fi tsuntsaye da tumaki daraja nesa (Matiyu 10:31, 12:12). Manzo Bulus ya yi kashedi mai tsanani ga wanda bai kula da iyalinsa ba (1 Timoti 5:8). Saboda haka gidan da yara suke kwana da yunwa, ko aka kore su daga makaranta domin kuɗi, bai kamata ya ɗauko dabba ba tukuna. Maigidan da karensa yake cin nama kullum, mai gadinsa kuwa yana bin albashin wata uku, ya juya tsarin Allah. Amma ga gidan da Ubangiji ya ba hali, jinƙai ba garwar ruwa ba ce da za ta ƙare in an ɗiba wa dabba. Tarihin Wilberforce da na Bergh ya isa shaida.

A zauna a yi lissafi

A Luka 14:28-30 Yesu ya ba da misalin mai ginin da ya kamata ya zauna ya yi lissafi kafin ya sa harsashi. Da yawa daga cikin dabbobin da suke mafaka sun kai can ne domin wani ya ɗauka da ɗoki, ya gaji ya yar. Bai kamata gidan Kirista ya zama wuri na biyu da za a yasar da dabba ɗaya ba. Ga abubuwan da miji da mata za su tattauna kafin su je:

1. Tsawon lokaci. Kare yakan yi shekara 10 zuwa 13, kyanwar da ake kula da ita kuwa takan kai 15 ko fiye. Yaron da ya nace a kawo ɗan kwikwiyo zai tafi makarantar kwana ya bar shi. Wa zai ci gaba da ɗawainiyar?

2. Wurin zama. Mai haya ya nemi yardar mai gida tukuna. Ma'aikacin da ake yi wa canjin wurin aiki, da fasto da ake sauya wa ikkilisiya, su yi tunanin yadda za su tafi da dabbar.

3. Abinci da ruwa. Dabba tana bukatar abinci kowace rana da ruwa mai tsabta a inuwa. Albasa, tafarnuwa da cakulan suna cutar da kare da kyanwa, dafaffen ƙashin kaza kuma yakan tsage ya huda hanji.

4. Magani. Akwai kuɗin allurar rigakafi, da maganin tsutsar ciki, da na kaska da ƙuma. Jami'o'in Ibadan, Nsukka, Zariya, Maiduguri da Makurdi suna da asibitocin koyarwa na dabbobi, ma'aikatun gona na jihohi kuma suna da ofisoshin likitocin dabbobi.

5. Haihuwa. Cikin karya da na kyanwa wajen kwana 63 ne, kyanwa kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Likita yana iya yi wa namiji fiɗiya, ya yi wa macen aikin hana haihuwa. Wannan ya fi a riƙa zubar da 'ya'yan a bola.

Mafaka ta ƙwarai takan yi wa mai neman dabba tambayoyi, wani lokaci ta nemi ganin gidan, ta kuma karɓi ɗan kuɗin da za ta mayar cikin aikin. Kada mai bi ya ji haushin wannan. Shi ma ya tambayi tarihin dabbar, da halinta wajen yara, ya karɓi katin rigakafinta. Dabbar da ta sha duka takan yi makonni tana ɓuya ko tana gurnani kafin ta sake jiki. Haƙuri da muryar lumana ne maganinta.

Ƙaunar maƙwabci da ciwon haukan kare

Riƙon dabba ya shafi dokar ƙaunar maƙwabci kai tsaye. Fitowa 21:28-29 ta ɗora wa mai sa alhakin ran da sansa ya kashe, muddin an gargaɗe shi bai tsare shi ba. A yau wannan doka tana magana da mai kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe wajen mutum 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan dukan masu kamuwa daga kare suke samunsa, wajen kashi 40 cikin 100 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya rayu.

Amma Allah ya ba da hikimar rigakafi. Louis Pasteur na Faransa ya fara yi wa wani yaro allurar a 1885, yaron kuwa ya tsira. Ranar 28 ga Satumba, ranar rasuwar Pasteur, ita ce aka keɓe domin faɗakar da duniya a kan ciwon. Masana sun nuna cewa in an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, yaɗuwar ciwon takan tsaya. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da take Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana cikin masu sarrafa allurar karnuka. Akan fara yi wa ɗan kwikwiyo yana wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara. Kyanwa ma tana bukatarta.

In kare ko kyanwa ta ciji mutum ko ta yaƙushe shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar. Addu'a tana da wurinta, a yi ta a kan hanyar asibiti. Haka kuma mace mai ciki kada ta kwashe kashin kyanwa da hannunta, gama yana iya ɗauke da cutar da take taɓa ɗan tayi.

Akwai wani fannin ƙaunar maƙwabci kuma. Masu bi da yawa suna zaune gida ɗaya ko layi ɗaya da Musulmi, waɗanda da yawansu suke kiyaye jikinsu da tufafinsu da kwanoninsu daga yawun kare. Kiristan da ya bar karensa yana shiga zauren maƙwabci, ko yana lasar butarsa, yana ɓata shaidarsa da hannunsa. Romawa 12:18 ta bukaci mai bi ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya zauna lafiya da kowa. A yi wa kare shinge, a riƙe shi da igiya in za a fita. Sai dai ɗaure shi da gajeriyar sarƙa cikin rana dare da rana zalunci ne, yana kuma mai da shi mafaɗaci.

Amana, da makarantar yara

Wanda ya karɓi dabba daga mafaka yakan yi alkawarin riƙe ta, ko ya mayar da ita in ya kasa. Mai Hadishi 5:4-5 ya nuna cewa gara mutum ya ƙi yin wa'adi da ya yi bai cika ba. A wasu sassan ƙasar nan ana cin naman kare, ana kuma cinikinsa. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wannan, dabbar da aka ba shi bisa alkawari amana ce. Sayar da ita ga mahauta sa'ad da bukatar kuɗi ta taso cin amana ne da ƙarya. In hali ya canja, a mayar da ita inda aka karɓo ta, ko a nemi gidan kirki da sanin mafakar.

Iyaye kuma su lura cewa dabbar gida makaranta ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka ba aikin cika kaskon ruwan kare kowace safiya yana koyon aminci cikin ƙaramin abu, irin wanda Yesu ya yi maganarsa a Luka 16:10. Yaron da aka bari yana jan wutsiyar kyanwa ana dariya, ana koya masa cewa ƙarfi izini ne na cutar da marar ƙarfi, wata rana kuwa zai gwada darasin a kan ƙanensa ko matarsa. Dawuda ya koyi kiwon Isra'ila a bayan tumakin mahaifinsa. Da annabi Natan ya so ya farkar da lamirinsa, labarin 'yar tunkiyar matalauci ya ba shi, wadda take ci daga abincin mai ita, take kwana a ƙirjinsa (2 Sama'ila 12:1-7).

Kammalawa

Dabba ba ɗa ba ce, ba kuwa a yi ta cikin kamannin Allah ba. Gidan da ya sa ta a matsayin ɗa ya wuce iyaka. Duk da haka, mai bin da ya tsaya a gaban kejin mafaka yana duban karen da ba shi da asali mai tsada, jikinsa duk tabo, zai iya tuna labarin kansa. Romawa 5:6-8 ta ce sa'ad da mutane suke marasa ƙarfi, suna cikin zunubi, a lokacin ne Almasihu ya mutu dominsu. Afisawa 1:5 da Galatiyawa 4:4-7 sun nuna cewa Allah ya karɓe su cikin gidansa, ya mai da su 'ya'ya da magāda, ba domin wani kyau da ya gani a gare su ba. Wanda aka yi wa irin wannan jinƙai, bai kamata a same shi da busasshiyar zuciya ga kowane mai numfashi ba.

Ba kowane gida ne aka kira ya karɓi dabba ba. Amma kowane gida yana iya hana yaransa jifan kyanwa, ya kai karen da yake da shi allura, ya kwance sarƙar da ta ci wuyansa. Zumuntar mata da ta matasa suna iya gayyatar likitan dabbobi ya yi wa ikkilisiya bayani, ko su shirya ranar rigakafi a harabar majami'a domin unguwa duka, Kirista da Musulmi.

Domin sujadar iyali

1. A karanta Zabura 104:10-30. Waɗanne dabbobi aka ambata, wa yake ciyar da su?
2. Dabbar da take gidan nan ta sha ruwa yau? Yaushe aka yi mata allura ta ƙarshe?
3. Akwai maƙwabcin da dabbar gidan ta ɓata wa rai, wanda ya kamata a je a nemi gafararsa?

Ubangiji Allah, Mahaliccin mutum da dabba, ya ba gidajen masu bi zuciyar tausayi da hikimar lissafi, ya sa a same su amintattun wakilai a ranar da za a ba da lissafi, ta wurin Yesu Almasihu Makiyayi Mai Kyau. Amin.